Masu Ɗaure Kare Tun Asuba Su Tafi Nema

Tun da ɓarayin daji suka hana mutanen yammacin Zamfara barci da ido biyu, kare ya samu shiga gidajen da a da ko ƙofarsu ba ya isa ya raɓa. A zamanin iyayenmu, in ka ga kare to na mafarauci ne ko na Bafulatani mai shanu. Yanzu kuwa a Anka da Gummi da Bukkuyum, musamman gidajen bakin gari, mutum kan nemo ɗan kwikwiyo ya ajiye don ya riƙa yi masa haushi in an ji motsi da dare. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake yi da dabbar nan da rana, lokacin da mai ita ya tafi gona, ko kasuwa, ko ramin zinariya.

Akwai wani matashi a unguwarmu, mai haƙo ne. Yana idar da sallar asuba zai ɗaure karensa a turke, ya zuba masa ruwa a murfin bokiti, ya hau babur, sai bayan magariba. Turken yana yamma da wata bishiyar dogonyaro, don da safe nan inuwa take, kuma da safe kaɗai yake ganin wurin. Igiyar ba ta kai taku uku ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi karen ya zagaya turken sau da yawa, igiyar ta ja murfin ta kifar da ruwan. Rana na karkatawa inuwa ta koma gabas, ta bar shi a fili, a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Zai tona ƙasa da ƙafafunsa ya kwanta a ramin don ya samu ɗan sanyi. Zai yi kuka har muryarsa ta dishe. Maigidan ya dawo a gajiye, ya tarar da rami a gindin katanga da takalmin da aka tauna, sai ya ɗauki sanda. Da na yi masa magana cewa ya yi: "Malam, karen ga ba shi da hankali, shi ya sa." Na ce masa ya gwada zama a wurin daga azahar zuwa la'asar, ko da ba igiya, mu ga nasa hankalin.

Abin haushin ma, gidan nan cike yake da mutane. Matan gida ba sa zuwa kusa da shi, suna gudun najasa. Yara kuwa abin wasa suka samu, wannan ya jefe shi, wancan ya tsokane shi da kara, shi kuma ba hanyar gudu. Karen da aka saba wa haka, ranar da igiya ta tsinke, yaro zai fara kamawa. Sannan a taru a ce mugun kare ne.

Jikin kare ba irin namu ba ne. Ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Haki da zaro harshe shi ne hanyarsa ta fitar da zafi, kuma hakin nan ruwan jikinsa yake ci. Kare matsakaici, mai nauyin kilo 15, yana buƙatar kusan lita guda na ruwa a rana ko da yanayi na da sauƙi, a bazara kuwa ya kan ninka. In zafin jikinsa ya wuce digiri 41 sai ya fara dalalar da miyau, ya yi tangaɗi, idanu su yi ja, wani ma ya faɗi yana shure-shure. Kun ga inda hatsarin yake: alamomin nan sun yi kama da na haukan kare. Da wani ya yi ihun "mahaukacin kare!" shi ke nan, an fito da gora da tabarya, alhali ƙishirwa ce da rana suka gigita shi. Wanda rana ta buga, a ja shi inuwa, a jiƙa masa ciki da ƙafafu da ruwa mai ɗan sanyi, a ba shi ya sha kaɗan-kaɗan. Amma mai shi ne zai yi wannan. Karen da ba ka sani ba yana dalala, kada ka kai hannu.

Ko don amfanin kanka ma ya kamata ka kula. Ka ajiye kare ne don haushinsa ya tashe ka in baƙon dare ya zo. To karen da ya wuni yana kuka ya riga ya zubar da darajar haushin nasa. Maƙwabta sun saba, kai ma ka saba. Ranar da zai yi haushin gaskiya, kowa zai juya kwanciya ya ce halinsa ne. Ga shi kuma rana ta galabaitar da shi, dare na yi sai barci mai nauyi, a daidai lokacin da ka ajiye shi domin sa.

Masu fakewa da addini kuma su je su tambayi malamansu. Shari'a ta halatta riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, duk da umarnin wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Kowane ɗalibin makarantar Islamiyya ya ji labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Duka biyun suna cikin Bukhari da Muslim. Mukan ji su a wa'azi mu girgiza kai, mu koma gida mu wuce turke.

Gyaran bai kai kuɗin man babur na kwana biyu ba. Kafin ka kafa turke, ka je wurin da azahar da kuma la'asar, ka ga inda inuwa take a lokacin, ba da safe ba. In babu bishiyar da za ta rufe shi wuni guda, ka kafa 'yar rumfa da karan dawa ko zana. Kada ka yi ta da kwano. Ƙarƙashin kwano a bazara tanda ce. Maganar ruwa kuwa, a daina murfin bokiti da gwangwanin madara. Ka samu kwatarniya ko tsohuwar tukunyar ƙasa, ka haƙa rami ka binne ta zuwa wuya a cikin inuwar, yadda igiya ba za ta kifar da ita ba, ƙasa kuma ta riƙe mata sanyi. In za ka iya, ka binne biyu, nesa da juna. Ka wanke ka sake ruwan kullum, ba ka ƙara sabo a kan tsoho mai gansakuka ba. Kuma ka gwada da idonka cewa igiyar tana kai shi ga ruwan ko bayan ta naɗe turke, don da yawa ruwan yana nan, karen yana kallonsa, taku ɗaya ya rage.

Igiyar ma a sake mata tsari. Ka ja waya mai kauri tsakanin turaku biyu, ka zura zobe, ka ɗaura igiyar a zoben, sai ya riƙa kai da komo tsawon wayar ba tare da ya shaƙe kansa ba. A wuya kuma a sa masa ɗamara mai faɗi wadda yatsu biyu za su shiga, ba zarge ba. Wanda yake da kango ko garka mai katanga, ya sake shi a ciki ya fi komai.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ka zagaya da shi bayan gari kafin ka fita, ya yi gudu ya yi bahaya, don kare mai gajiya barci yake yi, kuma dama rabin wuninsa a barci yake ƙarewa. Ka bar masa babban ƙashin shanu ya yi ta gwagwiya, ban da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya soke hanji. Kwikwiyo kuwa ba a ɗauko shi daga uwarsa yau, gobe a bar shi wuni guda. Ana farawa da ɗan lokaci, ana ƙarawa. Ka samu yaro mai hankali a gidan ko a maƙwabta, wanda karen ya sani, ya leƙa shi da azahar, ka riƙa ba shi ɗan abin goro. In ka dawo ka ga ɓarna, dukan ba ya koya masa komai, don bai san laifin safe ake rama wa da dare ba. Masu jefa masa ƙwaya a tuwo don ya yi shiru kuma su ji tsoron Allah. Maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da paracetamol, yana lalata ƙoda ko hantar kare.

In gona za ka, kuma hanya lafiya, tafi da shi ya fi. Amma ban da wurin haƙo, ban da inda ake niƙa dutse ko wanke shi. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen haƙo ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Kafin a gane abin da ke kashe yaran, agwagi ne suka fara mutuwa. Kare yana kwanciya a ƙasa, yana lasar jikinsa, ya dawo gida da ƙurar a gashinsa inda yara ke rarrafe. Haka nan kada ka ɗaure shi kusa da buhunan dutse ko kayan aikin da ka ajiye a gida. Mutanen Gummi kuma, da suka ga ambaliyar watan Agustan 2024, sun san abin da ke samun dabbar da ke ɗaure a kwari in ruwa ya zo ba kowa a gida. Da damina turke ya koma tudu.

Allurar rigakafin hauka ba ta da makwafi. Ana fara ta yana ɗan wata uku, a maimaita duk shekara, kuma a nan ƙasar ake yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos. Ka tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, da yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti ranar, kada a tsaya tofi da shafe-shafe. Karen kuma a killace shi a inuwa da ruwansa, a sa masa ido kwana 10, a gaya wa likita duk abin da aka gani.

Wanda kuma yake kwana uku ko mako a daji, ba shi da mai leƙa masa, ya miƙa karen ga mafarauci ko makiyayin da zai riƙa fita da shi, ya karɓi abinsa in aikin ya lafa.