Ƙarar da ta ƙi ƙarewa a gaban mota

Wani mai sauraronmu, mai jigilar hatsi zuwa kasuwar Dawanau, ya ce Hilux ɗinsa mai jan ƙafa huɗu tana gurnani ta gaba, ya canja kaya har ya gaji.

To Malam, kada ka ƙara sayen komai sai ka gano lokacin da ƙarar ke sauyawa. Fara musanya tayoyin gaba da na baya. In ƙarar ta koma baya, taya ce ta cinye. In gurnanin yana ƙaruwa da gudu, kuma ya tsananta idan ka karkata hagu, yawanci boris ɗin dama ne, domin nauyi a kansa yake komawa. Ɗaga ƙafar da jak, ka girgiza tayar, ka ji ko tana wasa. In kuwa ƙas-ƙas take yi a kwana, duba robar shaf, wataƙila ta yage giris ya zube. Sannan a kan kwalta cire giyar ƙafa huɗu.

Boris dai ba ya jiran ranar kasuwa. In ya watse, taya na iya fita da kaya a kai. Allah ya kiyaye hanya.