Takarda, ganye ko lofe: Shin abin da ake shan tabar wiwi da shi yana rage illarta?

Tun bayan da Uruguay ta halatta tabar wiwi a shekarar 2013, Kanada ta bi sahu a Oktoban 2018, sai Jamus a Afrilun 2024, kasuwar kayan shanta ta ƙara fitowa fili a ƙasashen Yamma. Kantuna na tallata takardun naɗi, ganyaye da lofe iri-iri, galibi da da'awar cewa wani ya fi wani tsafta. Wannan da'awa tana isowa ga matasan Najeriya ta wayoyinsu, don haka ya dace a duba gaskiyarta.

Takardar naɗi ta girmi wannan kasuwa da ɗaruruwan shekaru, kuma don taba sigari aka ƙirƙiro ta. Garin Alcoy na ƙasar Sifaniya ya yi suna wajen sarrafa ta tun ƙarni na 18. A Faransa, iyalan Lacroix ne suka samar da Rizla, sunan da ya haɗa kalmar Faransanci ta shinkafa da sunan gidansu. Samfurin ya bazu har ta kai ga a Najeriya kusan kowace takardar naɗi "rizla" ake kiranta, ko wane kamfani ya yi ta. Masu shan suna bambanta takardu ta kauri da saurin ci: wadda aka yi da ɓawon itace ta fi kauri da saurin ƙonewa, siririya kuwa tana ci a hankali. Wasu sun fi son ruwan ƙasa wadda ba a wanke ta da sinadarin faranta takarda ba, suna ganin ta fi lafiya. Sai dai takardar ƙaramin kaso ce na abin da wuta ke ci. Mafi yawan hayaƙin daga ganyen yake fitowa.

Naɗi da ganyen taba kuwa ya fi yaɗuwa a Amurka, inda ake farke sigar a zubar da cikinta a cusa wiwi. Ana kiransa "blunt", daga sunan sigar Phillies Blunt. Nan ne haɗarin ya fi ɓuya, domin ganyen yana ɗauke da nikotin, kuma sau da yawa ana sa masa ƙamshin 'ya'yan itatuwa mai jan hankalin yara. Mutumin da ya rantse bai taɓa shan sigari ba yana iya kamuwa da jarabar nikotin ta wannan hanya. Haka abin yake a Turai, inda aka saba gauraya wiwi da taba kafin a naɗe.

Masu lofe, na gilashi ko na katako, suna kafa hujja da cewa babu takarda a ciki. Masu lofen ruwa, mai kama da shisha, sun ƙara da cewa ruwan yana tace hayaƙin. Abin da ruwan ya fi yi shi ne sanyaya hayaƙi, wanda ke ba mai sha damar zuƙar mai yawa zuwa can cikin huhu. Kwalta da iskar kabon monoksaid suna nan, haka ma sinadarin THC mai bugarwa. Ga kuma karɓa-karɓar bakin lofe tsakanin abokai, hanya ce ta yaɗa cututtukan numfashi, har da tarin fuka. Tari mai naci da majina a ƙirji sanannun alamu ne ga masu yawan zuƙar hayaƙin wiwi, kowace hanya suka bi.

Ko a Amurka kayan sun taɓa kai mutane kurkuku: a 2003 an ɗaure ɗan wasan barkwanci Tommy Chong wata tara saboda sayar da lofen ruwa ta intanet.

A Najeriya, tabar wiwi haramtacciya ce a doka, noma, sayarwa da mallaka, ƙarƙashin dokar 1966 da kuma dokar 1989 da ta kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, wato NDLEA. Duk da haka, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta masu shanta da mutum miliyan 10.6 daga cikin miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar.