Haɗarin koyon tuƙin jirgi yana kusa da ƙasa

Duk wanda yake noma a ƙasar Gaya ko Ajingi ya saba da jin rugugin jirgi a samansa, tunda yankin yana tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Dutse. Galibinmu muna ɗauka cewa can cikin gajimare ajali yake jiran matuƙi. A wajen ɗalibin da ke koyo da ƙaramin jirgi, lokacin tashi da lokacin sauka su ne abin tsoro.

Dalili kuwa, fikafikai ba sa riƙe jirgi sai iska tana ratsa su yadda ya kamata. Idan ɗalibi ya ɗaga hancin jirgi fiye da kima alhali gudunsa ya ragu, sai fikafikan su saki, jirgin ya sulmiyo. A can sama akwai sararin da za a sunkuyar da hancin a dawo da gudu, har ma malamai na sa ɗalibai su yi hakan da gangan don hannunsu ya faɗa. Amma a tsayin rimi biyu ko uku, kafin a gyara an riga an iso ƙasa. Ga shi ɗalibi ya fi kowa yawan tashi da sauka, yana kewaya fili yana maimaitawa.

Sai yanayinmu. Hazon hunturu kan ɓoye ƙasa, alhali mai koyo da ido yake tuƙi, bai kai ga dogaro da na'urori ba. Zafin bazara yana sa iska ta yi sako-sako, jirgi ya buƙaci doguwar tsere kafin ya ɗaga. Hadarin farkon damina yakan zo da iska mai murɗa ƙaramin jirgi. Shirwa ɗaya ma ta isa ta fasa gilashin gaba.

Ba ɗalibai kaɗai abin ke ci ba. A watan Agustan 2017 jirgin horo samfurin Air Beetle ya faɗi a Kaduna, malamin tuƙi Adanu Ochai ya rasu. Ranar 19 ga Afrilu 2022 wani samfurin Super Mushshak ya faɗi a garin, hafsoshin sojan sama biyu suka riga mu gidan gaskiya. Kafin nan, a Oktoban 2012, Gwamnan Taraba Ɗanbaba Suntai, wanda ya koyi tuƙi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, ya faɗi da Cessna kusa da Yola, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har rasuwarsa a 2017. Kwalejin nan tun 1964 take, kuma wanda ya san aikin zai gaya maka takardar shaida ba ta maye gurbin yawan awanni a sama.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: ana koya wa kowane ɗalibi cewa in inji ya mutu, ya nemi fili shimfiɗaɗɗe ya sauka. Gonar gero bayan girbi tana iya zama wannan filin. In Allah Ya kawo haka a ƙauyenku, ku taimaki wanda ke ciki, ku nisantar da yara, kada a kusanto da taba ko wata wuta, domin man jirgin nan fetur ne mai saurin kamawa. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda, kuma kada a ɗauki ko da ƙusa ɗaya daga tarkacen, masu bincike na buƙatarsa a inda ya faɗi.