Ƙarfen Ja a Bayan Wagon: Ƙaramar Lamba Ce Ke Yanke Hukunci

Duk wanda ya taɓa zagaya wajen masu sayar da motocin Beljiyam a Kano ko Maraɗi ya ga wani ƙarfe da ke leƙowa daga ƙarƙashin bambar baya, ya lanƙwaso sama, da ɗan ƙwallo a kansa. An fi ganinsa a jikin wagon irin su Golf da Passat da Avensis da Astra. Yawancin masu motar ba sa tunawa da shi sai ranar da ya daki ƙwaurinsu suna sauke kaya daga but. Daga nan wasu su sa a cire, wasu kuma su bar shi don ya yi maganin direban da ke manne masu ta baya.

A Jamus, inda nake zaune, wannan ƙarfe kayan aikin yau da kullum ne. Ranar Asabar za ka ga magidanci ya yi hayar 'yar ƙaramar tirela a gidan mai ko a kantin kayan gini, ya maƙala a bayan motarsa, ya kwashe rassan da ya sare ko tsofaffin kujeru zuwa wurin karɓar shara. Da bazara kuwa manyan hanyoyi cike suke da masu jan ɗakin kwana mai taya zuwa hutu. Ga kuma aikin da ya ƙaru masa a 'yan shekarun nan, wato ɗaukar kekuna: ana ɗora kariya a kan ƙwallon, a danne hannunta ta kama shi tsam, a jera kekuna biyu ko uku a kai. Ni ma buƙatata ke nan da na tashi sa wa motata, Skoda Octavia wagon, irin wannan ƙarfe. Ina son in ɗauki kekunanmu ni da uwargida da na yarinyarmu, in kuma riƙa jan ƙaramar tirela idan an yi sayayya mai nauyi.

Abin da mai saye ya fi tambaya shi ne nauyi nawa ƙarfen zai iya ja. Tambayar ba ta da laifi, amma ba ita ce ta farko ba. Lambobi biyu ne ke aiki a nan. Akwai nauyin da mota za ta ja a bayanta, akwai kuma nauyin da zai danne ƙwallon daga sama. A takardar rajistar motata an rubuta kilo 1,500 ga tirela mai birkin kanta, kilo 600 da ɗoriya ga marar birki. Nauyin dannewa kuwa kilo 75 ne kacal. Motar da za ta ja tan ɗaya da rabi ba ta yarda a ɗora mata nauyin buhun siminti biyu a kan ƙwallon ba.

To kekuna ba jansu ake yi ba. Duk nauyinsu a kan ƙwallon yake sauka, har da na kariyar kanta. Mu yi lissafi. Kariyar da na saya kilo 18 ce. Keke mai batir, irin wanda ya cika titunan Jamus yanzu, yana kai kilo 25. Biyu sun zama 50, a haɗa da kariya an samu 68. Har nan lafiya. Da an ƙara keken yarinya mai kilo 10 an kai 78, an haye iyaka ke nan tun ba a bar ƙofar gida ba. Shi ya sa nake zare batiran biyu in sa su cikin mota. Kowanne ya kusa kilo 3, lissafi ya dawo 72. Ita ma kariyar tana da tata iyakar, galibi kilo 60, wadda aka rubuta a jikinta.

Ko 72 ɗin ma ba ta sa na saki jiki ba, domin nauyin ba daidai kan ƙwallon yake zaune ba, ya zarce shi zuwa baya. Ɗauki bokitin ruwa ka riƙe kusa da cinyarka, sannan ka miƙe hannu da shi, ka ji yadda kafaɗarka za ta gaya maka. Ruwan bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Keken da ke can ƙarshen kariya haka yake murɗa ƙarfen, kuma duk ramin da taya ta faɗa sai murɗawar ta ninku. Saboda haka keke mafi nauyi shi ake fara sawa kusa da mota, na yara ya zo ƙarshe.

Ƙarfen ja yana zuwa da ɗan faranti a jikinsa mai ɗauke da lambar amincewar hukuma da nasa iyakokin. A Turai ana gwada shi a kan ƙa'ida ta 55 ta hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da tattalin arzikin Turai. Harafin S a farantin shi ne nauyin dannewa. Sau da yawa za ka ga ƙarfen ya ce kilo 90 ko 100, motar kuma ta ce 75. A nan mutane ke ruɗar kansu, su ɗauka sun ci ribar kilo 25. Ba su ci komai ba. Tsakanin mota da ƙarfe da kariya, wanda ya fi ƙarancin lamba shi ake bi. Kamfanin mota ya fitar da lambarsa ne bisa ƙarfin birki da kuloci da giya, da yadda lagireto ke sanyaya inji a kan hawa, da ƙwarin jikin motar a inda aka ɗaure ƙarfen. Wagon ba a kan doguwar shasi take zaune ba irin ta a-kori-kura, jikinta ne shasinta. Kauri ko tsadar ƙarfen da ka sayo ba ya canza ko ɗaya daga cikin waɗannan. Akwai ma motoci, musamman wasu masu aiki da lantarki, da kamfaninsu bai yarda su ja komai ba.

Wanda ba shi da takardun asali na motarsa, kamar yawancin masu motar Beljiyam, zai iya duba farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Motocin Turai suna da lambobin nauyi huɗu a jere. Ta farko iyakar nauyin mota da lodinta, ta biyu iyakar mota da tirela a haɗe. Ka cire ta farko daga ta biyu, ka samu kimanin abin da za ta iya ja.

Ƙwallon Turai kala ɗaya ne, milimita 50, tun daga Fotugal har Finlan. Kamfanin Westfalia na Jamus ne ya fito da haɗin ƙwallo a farkon shekarun 1930, kuma har yau yana cikin manyan masu ƙera shi, tare da irin su Brink da Oris. Bambancin yana ga wuyan. Akwai kafaffe, wanda ya fi arha kuma babu abin lalacewa a jikinsa. Akwai na cirewa, mai makulli. Akwai wanda ke naɗewa ya ɓuya ƙarƙashin bamba da danna maɓalli, mai tsada, wanda a ganina na masu son kwalliya ne. Na zaɓi na cirewa saboda wurin ajiye motata matsattse ne, kuma na'urar ja da baya tana ta ƙara idan ta hango kafaffen. Amma wanda zai ja tirela kullum, kafaffe ya fi masa. Na cirewa yana son kula: idan ka cusa shi sai ka ji ya yi ƙas, ka ga alamar ta juya daga ja zuwa kore, ka kulle, ka zare makulli, sannan ka kama shi da hannu biyu ka girgiza. In ya yi motsi ko kaɗan bai zauna ba.

Tsarin Amurka daban ne. Can abin da ake ɗaurawa a mota bututu ne mai kusurwa huɗu, sai ka zura abin da kake so a ciki, ko wuya mai ƙwallo ko hannun kariya, ka soke shi da fil. An kasa su aji-aji. Aji na ɗaya yana jan fam 2,000, kimanin kilo 900, yana ɗaukar dannewar fam 200. Na biyu fam 3,500 da dannewar fam 350. Dukansu bakinsu inci ɗaya da kwata ne. Aji na uku shi ne mai bakin inci 2. Wani surukina da ke jihar Minesota yana da Subaru Outback, wagon ɗin da mutanen can suka fi so, wadda take jan fam 2,700, mai injin turbo kuma, tun daga samfurin 2020, 3,500. Ya ce min shi aji na biyu ya ishe shi tunda ya kai iyakar motar. Ta fuskar ja gaskiyarsa ne. Na dai ba shi shawarar ya sa mai inci 2, ba don motar ta ƙara ƙarfi ba, sai don yawancin kariyoyi masu ɗaukar kekuna uku ko huɗu ko masu batir da wannan bakin ake yin su, kuma ba sa rawa sosai. Ana sayar da ɗan ƙarfen da ke mayar da ƙaramin baki ya zama babba, amma yana ƙara tura kayan baya, masu ƙera shi da kansu kan ce ya rage iyakar dannewa da rabi.

Inda tsarin biyu ke karo shi ne kasuwanninmu na gida, tunda motocin Turai da na Amurka duk suna sauka. Ƙwallon Amurka mai inci 2 milimita 50.8 ne, da ido ba za ka bambanta shi da na Turai ba. Akwai kuma mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas, wanda bai kai milimita 48 ba. Idan bakin tirela ya fi ƙwallo girma zai zauna kamar lafiya lau, sai an hau gargada ya tsallake. Ana buga girman a saman ƙwallon, a goge a karanta. Na Turai ma idan ya cinye ya koma ƙasa da milimita 49, ya gama aiki.

Na tsaya na kalli yadda aka ɗaura nawa. Makaniken ya cire bamba gaba ɗaya, ya kwance ƙarfen tare karo da ke bayanta ya ajiye gefe, domin sabon shi zai maye gurbinsa. Ramukan noti suna nan tun daga kamfani a ƙafafun jikin motar biyu, an toshe su da roba. Ya kankare baƙin shafen da ke wurin har ƙarfe ya fito, ya ce idan aka bar shi zai lotse daga baya noti ya saki. Ya zura hannuwan, ya ɗaura da hannu tukuna, sannan ya ɗauko sifana mai awo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ta yi ƙara ya wuce na gaba. Babu walda ko ɗigo, babu huda sabon rami.

Na ba ƙanena wannan labari da ya kira daga Kano yana cewa, “Yaya, akwai mai waldan da ya ce zai haɗa min irinsa a rabin yini.” Ban raina masu waldarmu ba, sun iya aikin da zai ba Bature mamaki. Matsalar ita ce jikin wagon falle ne marar kauri, zafin walda yana raunana shi, kuma babu wanda ya gwada abin da aka haɗa balle ya ce ga iyakarsa. Na ce masa ya nemi na jikin irin motarsa wajen masu kayan Beljiyam, da farantinsa, ya sayi sababbin notuna masu ƙwari.

Sai wuta. Tirela da kariya duk suna rufe fitilun baya da lambar mota, don haka dole su zo da nasu fitilun, a Jamus ma har da ƙarin lamba. Tsohon soket mai ƙafa 7 yana ba da sigina da birki da fitilar dare, amma ba shi da ta ja da baya. Mai ƙafa 13 yana da ita, shi ya kamata a sa. A motar zamani kada a yarda mai gyaran waya ya fere wayar fitila ya jona kai tsaye, kwamfutar motar za ta ɗauka wani abu ya lalace. Akwai wayoyin da aka yi don kowace mota, waɗanda ke sanar da ita an maƙala tirela, ta kashe na'urar ja da baya, ta kunna tsarin da ke taka birki da kansa idan tirela ta fara lilo.

Lilon nan shi ne babban haɗarin ja, kuma daga lodi yake farawa. A nan lambar dannewa ta sake shigowa, amma ta ɗaya gefen: idan nauyi ya yi kaɗan a kan ƙwallo saboda an tara kaya a bayan tirela, da an ɗan yi gudu sai ta fara kaɗa motar hagu da dama. Dokar Jamus ta ce aƙalla kashi 4 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a ƙwallo, a Amurka kuma shawarar da ake bayarwa kashi 10 zuwa 15 ce. Ni da sikelin banɗaki nake aunawa. In ajiye shi a ƙasa, in tsayar da guntun katako a kai daidai tsayin ƙwallon, in sauke bakin tirela a kan katakon a hankali, in riƙa matsar da kaya gaba ko baya har allura ta tsaya tsakanin 60 da 70. Gudu kuwa a Jamus kilomita 80 ne a awa ko a babbar hanyar da wasu ke tsala 200, sai wanda ya samu takardar izinin 100. Lasisin ƙaramar mota yana ba ka tirela har kilo 750, ko fiye idan jimillar iyakar mota da tirela ba ta wuce 3,500 ba.

Wanda zai yi aikin biyu da ƙwallo ɗaya yana da wata 'yar wahala da ba a faɗa masa a kanti. Bakin tirela na gama-gari yana son giris a kan ƙwallo don ya juya ba tare da cin ƙarfe ba. Kariya kuwa da matsewa kawai take riƙe, giris ko kaɗan zai sa ta karkace da kekunan a kwanar farko. Duk ranar da aka sauke tirela za a ɗora kariya, sai an wanke ƙwallon da abin cire maiƙo an goge shi ya bushe ƙayau. Tsumma da 'yar kwalbar suna cikin but ɗina kusa da jak.