Jirgin da kake dirowa daga cikinsa a PUBG ya girmi 'yancin Najeriya

Sau nawa ka diro daga jirgin nan na PUBG? Ɗari? Dubu? Kai dai idonka na kan taswira, kana lissafin ko Pochinki za ku faɗa, abokan tafiya na maka ihu a kunne. To ran da ka sake shiga, ka ɗan juya kyamara ka ƙare wa jirgin kallo kafin ka danna. Injina huɗu masu farfela, fuka-fuki a gadon baya, ƙofa a ƙarƙashin wutsiya. Wannan siffar C-130 Hercules ce, jirgin dakon soja na kamfanin Lockheed na Amurka, wanda ya fara tashi a watan Agustan 1954, shekara shida kafin Najeriya ta samu 'yanci. Har yau ana ƙera sabon samfurinsa. Sojin saman Najeriya na da shi tun shekarun 1970, kuma in ka tambayi babanka hatsarin Ejigbo, zai tuna. Irin wannan jirgin ne ya faɗi a Legas ranar 26 ga Satumba, 1992, jim kaɗan bayan tashinsa, da mutum sama da 150, galibinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji.

Motar sulken nan ma da kake harba wuta sama a sauko maka da ita, BRDM-2, ko sunanta ba a sauya ba. Tarayyar Sobiyat ce ta ƙera ta a farkon shekarun 1960 don leƙen asiri, kuma iyon da take yi a ruwa ba ƙari aka yi ba, haka take. Abin da aka cire mata a gem shi ne bindiga. Ta gaskiyar tana ɗauke da mashinga mai harsashin milimita 14.5, wadda da an bar ta, da ba wanda zai sake cin kaza sai mai motar.

Waɗanda suka taso a gidan gem na PS2 kuwa, masu littafin makaranta cike da lambobin sirrin GTA San Andreas, ku ma da naku. Hydra, jirgin nan da ke tashi tsaye daga tsakiyar titi, daga Harrier aka kwaikwayo shi. Ingila ce ta fara sa shi aiki a 1969. Dabararsa bututu huɗu ne da ke juyawa: a karkata su ƙasa, iskar injin ta ɗaga jirgin sama kamar ungulu, a mayar da su baya ya cilla gaba. Samfurinsa na sojin ruwa ya yi yaƙin Falkland da Ajantina a 1982. Hunter kuma Apache ne, helikwaftan Amurka da bindigar ƙasansa ke bin hular matuƙi. Duk inda ya waiga, nan bakin bindiga ke waigawa.

Me ya sa wasu ke sauya suna, wasu su bar shi? Yawanci tsoron kotu ne. A 2017 kamfanin AM General, mai ƙera motar soja ta Humvee, ya maka Activision ƙara saboda sa motar a Call of Duty ba tare da izini ba. A watan Maris na 2020 alƙali a New York ya ba masu gem gaskiya, bisa hujjar cewa wasan da ke son nuna yaƙin zamani yadda yake yana da damar nuna motar da soja ke hawa.

Musun da ya fi na Messi da Ronaldo

Akwai gem ɗin da ba sa wasa da wannan batu ko kaɗan. Babbansu War Thunder na kamfanin Gaijin. A can ba layin jini ake ba tanka ba wanda zai yi ta raguwa har ta fashe. Lissafa kaurin sulke ake yi, da kusurwar da harsashi ya same shi, da abin da ya taras a ciki in ya ratsa: direba ne, injin ne, ko ma'ajiyar harsasai.

Ɗauki T-72, tankar Sobiyat ta 1973 da sojin Najeriya ma suka yi amfani da ita a Arewa maso Gabas. Mutum uku ne a cikinta, ba huɗu ba irin na Abrams ta Amurka, domin na'ura ce ke ɗura wa babbar bindigar harsashi. An samu sauƙi, tankar ta zama gajera, mai wuyar hange. Amma harsasai 22 da na'urar ke ɗauka an jera su ne zagaye kamar faifai a ƙarƙashin kan tankar, wato ɓangaren nan mai juyawa, daidai inda kwamanda da mai harbi ke zaune. In wuta ta kai wurin, shi ke nan, kan tankar mai nauyin tan da dama sai ya yi sama kamar murfin tukunya. Duk mai buga War Thunder ya san wannan lagon, kuma duk wanda ya bi hotunan yaƙin Yukren daga 2022 ya gan shi a zahiri. Abrams kuwa a bayan kanta take ajiye yawancin harsasanta, a bayan ƙofar ƙarfe, da rufin da aka yi don ya ɓalle wutar ta fita sama, mutane su tsira.

VT-4, tankar Sin da ta iso wa sojin Najeriya a watan Afrilun 2020, akwai samfurinta a wannan gem. JF-17 Thunder, jirgin Pakistan da Sin wanda Najeriya ta ƙaddamar da guda uku a Makurdi a watan Mayun 2021, yana cikin DCS World, inda tada injin kaɗai sai ka yi karatu.

To idan mutane suka ɗauki abu da zafi haka, musu ba ya ƙarewa. A watan Yulin 2021 wani mai buga War Thunder, da ya ce shi kwamandan tanka ne a sojin Birtaniya, ya ji haushin yadda aka zana sulken gindin bindigar Challenger 2. Ya yi bayani, aka ƙi yarda. Bawan Allah sai ya ɗauko shafukan littafin aikin tankar ya liƙa a dandalin tattaunawar gem ɗin, wai ga hujja. Ma'aikatar tsaron Birtaniya ta tabbatar takardun na sirri ne, masu kula da dandalin suka goge, suka kuma tuna masa cewa dokar sirrin ƙasarsa na iya kai mutum ɗaurin shekara 14.

Ka ɗauka an daddara? Ina! Watan Oktoba na shekarar, wani ya saki takardun Leclerc ta Faransa, kan musun saurin juyawar kan tankar. A 2022 aka saki bayanan wani harsashin tankar Sin. Daga baya takardun F-16 da Eurofighter suka biyo, wasunsu ba sirri ne can-can ba amma doka ta hana yaɗa su. Kamfanin ya sha faɗa cewa ba zai gyara komai da irin waɗannan takardu ba, ko da gaskiya ce a ciki. Wato mutum ya saka aikinsa da 'yancinsa a caca, kuma tankar gem ɗin ta zauna yadda take. Ni dai ban ga asarar da ta kai wannan ba.

Amma fa kar ka raina ilimin gaba ɗaya. A watan Janairun 2024 bidiyo ya fito daga Stepove a gabashin Yukren, inda motocin yaƙi na Bradley, masu bindigar milimita 25 kacal, suka rutsa T-90M, tankar da Rasha ke taƙama da ita, suka yi ta yi mata ruwan harsashi har ta makance ta daki bishiya. Mai harbin ɗaya daga cikin motocin ya shaida wa 'yan jarida cewa ya tuna wuraren da ake nufa ne daga wasannin bidiyo.

Lokacin da gem ya zama labarai

Ga inda abin ya zo kanka, ko da ba ka taɓa riƙe fad ba. Kamannin ya kai har ana yanko bidiyon gem a ce yaƙi ne, kuma ba 'yan ƙananan shafuka kaɗai ke faɗawa ba. A 2011 tashar ITV ta Birtaniya ta nuna wani shiri kan Gaddafi da ƙungiyar IRA, da hoton harbo helikwafta. Ashe daga Arma 2 aka ɗauko. A watan Nuwamban 2017 ma'aikatar tsaron Rasha ta wallafa hotuna tana cewa hujja ce Amurka na taimakon ISIS, sai ga ɗaya daga ciki na wani gem ɗin waya ne, AC-130 Gunship Simulator. A farkon yaƙin Yukren, bidiyon matuƙin da aka yi wa laƙabi da Fatalwar Kyiv yana kakkaɓo jirgin Rasha ya zaga duniya. Da DCS World aka haɗa shi, kuma daga baya sojin saman Yukren da kansu suka ce babu wani mutum ɗaya mai wannan suna. A watan Oktoban 2023 bidiyoyin Arma 3 sun yi yawo da sunan Gaza, a watan Mayun 2025 kuma da sunan Indiya da Pakistan. In ka duba zauren WhatsApp na danginku da kyau, da wuya ka rasa ɗaya, da kabbara a ƙasansa.

Kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Cek, mai Arma 3, ya gaji har ya fitar da sanarwa a ƙarshen 2022 kan yadda za a gane. Irin wannan bidiyo yawanci dusu-dusu yake, da gangan aka rage masa kyau. Da dare ake nuna shi don duhu ya rufe aibi. Kyamara na rawa fiye da kima. Sau da yawa an cire sautin ko an ɗora waƙa, don ƙarar gem ba ta ɓuya. Hayaƙi da wuta ba sa tashi yadda na gaske ke yi. Kai da ka san makaman kana da ƙarin ido: ɗaya daga cikin bidiyoyin da suka yi yawo shi ne na jirgin A-10 yana kauce wa jajayen harsasai a sararin dare, alhali Amurka kaɗai ke da A-10 a duniya. Duk wanda ya ce maka jirgin Isra'ila ne ko na Indiya, ka san ko dai an ruɗe shi ko yana son ruɗarka.

Amma alamar da ta fi tsaya min a rai ita ce wannan: ba ka ganin mutane. Gem na iya zana ƙarfe har ƙusa, amma tafiyar ɗan Adam, gudunsa, ruɗewarsa, har yanzu tana ba shi wuya, shi ya sa masu haɗa ƙaryar ke kauce mata.

Ka tuna matakin nan na Call of Duty 4, na 2007, inda kake zaune a cikin AC-130 kana kallon ƙasa a allo baƙi da fari? Jirgin shi ne dai Hercules ɗin da muka fara da shi, aka huda gefensa na hagu aka jera bindigogi: milimita 25, 40, da igwa mai 105. Yana kewaya wuri ne kamar shaho, bakin bindigogin na kallon tsakiya. Masu gem sun kwaikwayi komai, har da sanyin muryar ma'aikatan jirgin. Sun kuma yi maka gata. Naka mutanen na ɗauke da fitila mai walƙiya don ka gane su, an gaya maka ginin da ba a taɓawa, in kuma ka kuskure ka harbi wanda bai kamata ba, sai a mayar da kai baya ka sake.

Ranar 3 ga Oktoba, 2015, da tsakar dare, AC-130 na Amurka ya buɗe wuta kan asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a Kunduz, Afghanistan. Ma'aikatan asibitin na ta buga waya ga jami'an soja suna cewa a tsaya. Mutum 42 suka mutu: majinyata 24, ma'aikata 14, masu jinya 4. Amurka ta ce kuskure ne, wani ginin daban aka nufa, kuma Shugaba Obama ya ba da haƙuri.

Mu ma nan ba sai an ba mu labari ba. Ba AC-130 ba ne, jirgi mara matuƙi ne na sojin ƙasa, amma shi ma daga allo ake kallon ƙasa. Daren 3 ga Disamba, 2023, mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna na taron Maulidi aka sako musu bam. Rundunar ta ce ta ɗauka 'yan bindiga ne. Babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya nemi afuwa. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata da ƙananan yara.