Ko Ka Sani? Yadda Ake Gina Gona Mai Girbe Kanta a Wasan Minecraft

Minecraft wasan kwamfuta ne wanda Markus Persson, ɗan ƙasar Suwidin, ya fara fitarwa a watan Mayu na 2009, kafin kamfanin Mojang ya saki cikakken wasan a watan Nuwamba na 2011, sannan kamfanin Microsoft ya sayi Mojang a 2014 kan kuɗi dala biliyan 2.5. Zuwa 2023 an sayar da kwafinsa fiye da miliyan 300. Duniyar wasan gaba ɗayanta an gina ta ne da tubala masu tsawo da faɗi da tsayi iri ɗaya, na ƙasa da dutse da yashi da ruwa, waɗanda mai wasa yake iya fasawa ya kwashe, ya kuma sake jerawa yadda ya ga dama. Da yake yunwa na cikin abubuwan da ke kashe mutum a wasan, noma ya zama dole, kuma daga wannan buƙata ce masu wasa suka ƙirƙiro abin da suke kira gona mai sarrafa kanta, wato tsarin da ke girbe amfani ya tara shi a akwati ba tare da an sa hannu ba.

Kafin a kai ga batun na'ura, sai an fahimci yadda shuka take girma, domin duk ginin da ya saɓa wa waɗannan ƙa'idoji ba zai ba da amfani ba. Ana yin kaftu da fartanya a kan tubalin ƙasa, sai ya koma ƙasar noma wadda take karɓar irin alkama da karas da dankalin turawa. Tubalin ruwa guda ɗaya yana jiƙa ƙasa har nisan tubala 4 ta kowace fuska, saboda haka ne gonar da aka fi sabawa da ita take da tubala 9 a tsawo da 9 a faɗi, ruwa a tsakiya, ƙasar noma 80 kewaye da shi. Shuka tana buƙatar haske da ya kai mataki na 9 a ma'aunin wasan da ke tsayawa a 15, kuma wasan bai bambanta hasken rana da na fitila ba, wanda ya sa ake iya noma da dare ko a ƙarƙashin ƙasa. Idan mutum ko dabba ya yi tsalle ya dira a kan ƙasar noma tana iya komawa busasshiyar ƙasa, shukar kuma ta tuge, don haka shinge na cikin aikin farko.

Lokacin girma shi ne ya fi ɗaukar hankali, domin sa'a ce take tafiyar da shi. Agogon wasan yana bugawa sau 20 a kowace daƙiƙa, kuma a sigar da ake kira Java, a kowane bugu wasan yana zaɓar tubala 3 a kan katari daga cikin kowane ɓangare mai tubala 4096. Lissafi ya nuna cewa kowane tubali yana samun wannan zaɓi kimanin sau ɗaya a daƙiƙa 68, kuma a lokacin ne kaɗai shuka take da damar hawa mataki na gaba. Alkama tana da matakai 8 daga iri zuwa nuna, kuma a yanayi mafi kyau damar hawanta ɗaya ce cikin uku a kowane zaɓi, abin da ke kai matsakaicin lokacin nunarta zuwa kusan minti 24, wato ɗan fiye da kwana guda na wasan, wanda tsawonsa minti 20 ne. Akwai kuma wata ƙa'ida da mutane da yawa ba su lura da ita ba: idan aka cika fili da shuka iri ɗaya, saurin girmanta yana raguwa da rabi, amma idan aka yi layin alkama, aka bi shi da layin karas, aka sake komawa alkama, kowane layi yana girma da cikakken saurinsa.

Ruhin kowace na'ura a wasan shi ne wani jan ma'adini da ake kira redston, wanda ake haƙowa a can cikin ƙasa, a zuba garinsa a kan tubala ya zama tamkar wayar lantarki. Ƙarfin da yake ɗauka yana farawa daga 15, yana raguwa da ɗaya a kowane tubali, sai an sa masa na'urar sabunta ƙarfi idan ana so ya yi nisa. Wannan ƙarfi ne yake motsa fistan, wato tubali mai hannu da ke miƙewa ya tura abin da ke gabansa, wanda aka shigar cikin wasan a 2011 kuma yake iya tura tubala har 12. A 2013 aka ƙaro mazurari, wanda yake tsotse duk abin da ya faɗo a kansa ya zuba shi cikin akwati, abu biyar a kowace daƙiƙa biyu. A 2016 kuma sigar Java ta sami tubalin lura, wanda yake aika ɗan gajeren saƙo da zarar wani abu ya sauya a gaban fuskarsa.

Tsari mafi daɗewa yana amfani da ruwa ne a matsayin lauje. Ruwa mai gudu yana tuge shuka ba tare da ya lalata ƙasar noma ba, kuma a shimfiɗaɗɗen wuri yana tafiya tubala 7 daga mafarinsa kafin ya ƙare, sai dai idan ya gangara mataki ɗaya, inda yake sake sabon lissafi. Saboda haka maginin yakan sassaƙa gonarsa hawa-hawa, ya tare ruwa a can sama da jerin fistan, ya haƙa magudana a ƙasa wadda take ƙarewa a bakin mazurari. Idan alkama ta yi ja, sai a danna maɓalli, fistan su janye, ruwa ya kwararo ya share filin, zangarniya da iri su biyo shi suna shawagi har su faɗa akwati. Dole magudanar ta kasance gajera kuma ba ta da lungun da kaya za su maƙale, domin duk abin da ya faɗi ƙasa ba a ɗauka ba yana ɓacewa bayan minti 5.

Sai dai wannan gona rabin aiki kawai take yi, kuma a nan ne ainihin wahalar fannin take. Wasan ya tanadi na'urar turawa da ta tsotsewa da ta zuba ruwa, amma bai tanadi na'urar da take shuka irin alkama ba, saboda haka bayan kowane girbi sai mai wasa ya dawo ya bi filin tubali bayan tubali yana shuka. Duk dabarun da aka ƙirƙiro daga baya ƙoƙari ne na kauce wa wannan giɓi, kuma hanyoyi biyu ne suka yi fice.

Hanya ta farko ita ce zaɓar tsiron da ba ya buƙatar a sake shuka shi. Rake, wanda ake yin takarda da sukari da shi a wasan, yana tsirowa a gefen ruwa har tsayin tubala 3, kuma idan aka karya shi daga gaɓa ta biyu gindin yana ci gaba da tofowa, kamar yadda raken fadama yake sake toho bayan an sare shi. Maginin yakan ajiye tubalin lura daidai da gaɓa ta uku, fistan kuma daidai da ta biyu, ta yadda da zarar raken ya kai tsayinsa tubalin lura zai gani, ya aika saƙo, fistan ya buge shi, guntayen su faɗa cikin ruwan da ke kai su mazurari. Kabewa da kankana ma haka suke, domin karansu yana tsayawa daram yana haifar ɗa a tubalin da ke kusa da shi, fistan yana fasa ɗan, karan yana sake haihuwa. Irin wannan gona ce kaɗai ta cancanci a kira ta na'ura zalla, kuma kyawunta yana cikin ƙarancin kayanta, tunda tubala huɗu ko biyar da aka jera daidai sun isa su yi aiki ba dare ba rana.

Hanya ta biyu tana jingina ne ga mutanen ƙauyukan wasan, waɗanda kwamfuta take tafiyar da su. Tun daga sabuntawar 2019, baƙauyen da ya sami akwatin haɗa taki a kusa da shi yana zama manomi, yana girbe abin da ya nuna, ya kuma shuka sabo daga irin da ke jakarsa mai gurbi 8. Masu gini sun lura cewa manomin yana jefa wa maƙwabcinsa rarar abinci, sai suka riƙa tsare wani baƙauye a ƙaramin keji a tsakiyar gona, suna ajiye mazurari a tsakaninsu don ya tare karas ko dankalin da aka jefo. Alkama ta fi wuya, domin manomin yana mayar da ita burodi idan ta taru a hannunsa, saboda haka ake cika masa dukkan gurabun jakarsa da iri tun farko don kada ya sami wurin ɗaukar zangarniya, sai wani ƙaramin tarago mai mazurari ya riƙa zagayawa a kan dogo a ƙarƙashin gonar yana kwashewa. Wannan tsari yana da rauni irin na mai rai, tunda manomin yana da lokacin aiki da na hutu, kuma idan aka bar wurin da duhu dodannin wasan suna iya kashe shi, gonar ta tsaya cak.

Amfanin gonar ya wuce cikin mai wasa, domin manoman ƙauye suna sayen alkama 20 ko karas 22 a kan koren dutse mai daraja guda, wanda shi ne kuɗin ciniki a wasan, kuma rarar iri tana komawa akwatin taki ta zama garin ƙashi mai gaggauta girman shuka. Akwai dai iyaka guda da take kan kowane tsari: wasan yana lissafin girman shuka ne a yankin da yake gudanarwa a wannan lokaci, wanda galibi shi ne kewayen mai wasa, don haka gonar da aka bari a baya aka yi tafiya mai nisa tana daskarewa har sai an dawo. Shi ya sa ƙwararru suke gina gonakinsu dab da inda suka fi zama, ko su jera su hawa-hawa a wuri ɗaya, domin tsayuwa guda ta wadatar da dukkansu.