Tsagar Jikin Ƙwaro: Yadda Muke Gane Mai Cinye Masara a Rumbu

A da, dattijo kan kalli tsagar fuskar baƙo ya ce wannan Bagobiri ne, tun kafin baƙon ya buɗe baki. To, mu ma masu binciken ƙwari kusan haka muke yi. Ka ɗora ƙwaron hatsi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka ga bayansa ba sumul yake ba: ga tsagi, ga 'yan ramuka, ga tudu jere kamar kunyoyin gona. Launi kan yaudari mutum, girma kuma ya danganta da abincin da ƙwaron ya samu yana tsutsa. Amma wannan zanen gadonsu ne, ko ƙwaron ya mutu ya bushe yana nan.

Ga misali. Akwai wani ɗan ƙwaro, Prostephanus truncatus, tsawonsa milimita 3 zuwa 4. Asalinsa daga Meziko da Amurka ta Tsakiya ne. Ya ɓulla a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, daga nan ya bazu a Afirka ta Yamma. Yana da ɗan'uwa ƙarami, Rhyzopertha dominica, wanda da ma an saba da shi a rumbuna. Duka biyun kansu a sunkuye yake, a ido kamar tagwaye. Sai ka dubi ƙarshen bayansu. Na ƙaramin a kewaye yake. Na babban kamar an datse da wuƙa, da 'yar kunya a kowane gefe.

Bambancin nan ba ƙarami ba ne ga manomi. Babban yana mai da masara gari tun tana jikin totuwa, yana cin busasshen rogo, har katakon rumbu yana hudawa. Maganin da ke kashe ƙwaron masara mai dogon baki shi ma bai cika kama shi ba, shi ya sa ake haɗa hodar ajiya da sinadarin famitirin.

Shi kuwa mai dogon bakin, nan ne aikin ke ba mu wahala. Na masara da na shinkafa sun yi kama ƙwarai, sai an feɗe namijin an duba al'aurarsa: na masara yana da tsagi biyu a tsaye, na shinkafa babu. Ranar da na fara gwadawa, ƙwari shida na lalata kafin in ga tsagin.